Shekarar da Aka Karɓe Kofin Su Sani

Ku 'ya'yana da jikokina, akwai wani labari da kuka taso kuna ji a gidan nan, kuma yadda kuke ba da shi ba haka ya faru ba. Kuna cewa a shekarar da aka karɓe kofin su Sani, ni ne na tsaya kai da fata na ce sai an faɗi gaskiya, na kama hannun ɗana na kai shi gaban kwamiti. Na sha jin Rakiya tana faɗa wa 'ya'yanta haka don su yi koyi da kakansu, ni kuma in yi shiru domin yabon yana yi mini daɗi. Yanzu ƙafa ta yi nauyi, ido ya fara gajiya. Ina so in ajiye muku abin yadda ya kasance, domin akwai mutanen da na ci haƙƙinsu da wannan shirun.

A lokacin muna zaune a Vénissieux, gefen birnin Lyon a Faransa, a hawa na tara cikin dogayen benayen Minguettes. Ni ina aiki a wata babbar magaza ta ajiyar kaya, ina tuƙa injin da ke ɗaga akwatuna, mahaifiyarku kuma tana aiki a ɗakin girkin wata makarantar yara. Sani tun yana ƙarami ƙwallo ce a ƙafarsa. Idan aka zuba abinci sai mahaifiyarku ta buɗe taga ta ƙwala masa kira daga sama, duk unguwa ta ji. Ban taɓa ɗaukar abin da muhimmanci ba, domin abin da nake so daban ne. Na yi shekaru ina tsayuwa a layin ofishin takardun zama, riƙe da takardun da rabinsu ban gane ba, ina kallon yadda ake yi wa wanda bai san doka ba. Tun a wannan layin na ƙudura a raina ɗana lauya zai zama. Da ya ci jarrabawar bak, ta gama sakandare, ban tambaye shi abin da yake so ba. Ni na zaɓa masa fannin shari'a a ɗaya daga cikin jami'o'in Lyon, shi kuma ya ce to.

A jami'ar aka sa shi cikin ƙungiyar ƙwallon ɗalibai, yana buga tsakiya da riga mai lamba takwas. Wasanninsu ranar Alhamis da rana ake yi. Babu talabijin, babu ɗan jarida, wani lokaci 'yan kallon ma da ido za ka ƙirga su. Amma a wurinmu Hausawan Lyon babu ƙungiyar da ta kai ta a duniya. Mukan yi musanyar lokacin aiki da abokan aikinmu, mu hau tiram mu je mu tsaya a bakin wayar da ta kewaye filin cikin sanyi muna ihu da Hausa, har iyayen yaran Turawa suka koyi cewa "Buga!" suna taya mu. Wanda ba ya taɓa fashi shi ne Malam Yakubu, mutumin Zariya, Kirista, mai haɗa magunguna a wani babban asibitin garin. A cikin tiram muka san juna, ya ji ina waya da Hausa ya taɓa kafaɗata ya ce, "Sannu Malam, ina ne gida?" Daga nan muka zama kamar 'yan ɗaki ɗaya. Shi Hausarsa da Turanci a ciki, tawa da Faransanci. Idan ya ce gola ya yi ƙoƙari, ni in ce gardiye ne, mu yi ta yi wa juna dariya. Kullum yakan zo da fulas ɗin shayi mai citta, ya zagaya da shi har ya ƙare.

A shekara ta uku da shigar Sani, ƙungiyar ta yi ta cin wasa har ta kai wasan ƙarshe na jami'o'in ƙasa, wanda aka buga a wani fili a gefen Paris. Muka ɗauki hayar babbar mota muka tafi. A can Alhaji Garba ya tarbe mu. Abokina ne tun muna yara a Damagaram, yana zaune a Montreuil kusa da gidan ma'aikata 'yan Afirka, yana da shagon wayoyi a unguwar Barbès ta Paris. Mutum ne mai murya, in ya yi magana ba a buƙatar lasifika. Ya kwaso mutane daga gidan ma'aikatan, Hausawa da Zabarmawa da 'yan Mali, har da masu kalangu. Wasan ya yi zafi. Golanmu Musa, wani ɗalibi ɗan Mali mai sanyin hali da yakan zo gidanmu cin tuwo, ya kama bugun fanareti. Saura kaɗan a tashi, Sani ya ɗauko ƙwallo daga tsakiya, ya wuce mutum biyu, ya buga ta ƙasa-ƙasa ta shige kusurwar raga. Ban san lokacin da na tsallake waya ba, ni da ciwon baya. Alhaji Garba ya rungume ni yana cewa, "Isuhu, ka haifa! Wallahi ka haifa!" Ban taɓa jin kaina da tsawo irin na wannan ranar ba.

Ba a yi mako biyu ba wata jaridar Lyon ta fitar da labari. Ta ce 'yan wasa biyu cikin waɗanda suka ci kofin ba ɗalibai ba ne a wannan shekarar, alhali doka ta ce sai mai rajista a jami'a ne zai buga. Ba a rubuta suna ba sai lambar riga: huɗu da takwas. Aka ƙara da cewa ana zargin wani ɗan wasa da ke taimakawa a ofishin wasanni na jami'ar da gyara musu katin da ke ba ɗalibi damar buga gasa. Kowa ya san Musa ne kaɗai yake aiki a ofishin nan. Wani abokin aiki ne ya miƙo mini jaridar a magaza. Na naɗe ta na kawo gida, na ajiye ta a gaban Sani muna cin abinci.

"Sani, mene ne wannan?"

"Baba, ƙarya ce. Hassada ce kawai."

Bai ɗago ya dube ni ba. Na ga haka, amma abin da nake son ji ke nan, sai na karɓa na ci gaba da cin abincina.

Daga nan magana ta tashi. Jami'ar ta ce tana bincike, ba ta ƙara komai ba, sai aka bar mu da bakinmu. Idan aka sauko daga Juma'a, ba a watsewa. A shagon mahauci, a tashar tiram, a waya tsakanin Lyon da Paris, zancen ɗaya ne. Wasu suna cewa da Turawa zalla ne suka ci kofin da babu wanda zai buɗe takardar kowa. Wasu suna cewa ai kowace jami'a tana yin haka, wanda aka kama ne kawai ɓarawo. Samari suka ce sun bincika, matar da ta rubuta labarin a jami'ar da aka cinye ta yi karatu, ko da yake babu wanda ya san inda suka samo wannan. Wani tsoho ya ce shi bai gane ba, ƙafa ce ta ci ƙwallon ko kati? Aka yi dariya. Alhaji Garba ya manna labarin a jikin gilashin shagonsa a Barbès, ya ja masa jan layi, duk wanda ya shigo sayen katin waya sai ya ji huɗuba. Ni kuwa na zama uban gayya. Duk inda na shiga sai a matsa mini wuri, in yi ta bayani a kan abin da ban sani ba.

Cikin wannan hali aka yi sunan jikar Alhaji Garba a Montreuil. Muka je da Malam Yakubu. Bayan an yi addu'a an raba goro, ana shan fura da shayi, sai Alhaji Garba ya miƙe ya ce ya shirya takardar koke da kowa zai sa hannu a kai wa jaridar, kuma ya yi magana da wani gidan rediyon 'yan Afirka, ranar Asabar mai zuwa zan je in yi magana a matsayin uba. Aka yi ta kabbara. Malam Yakubu, wanda tun fara rigimar bai ce komai ba, ya gyara zama.

"Alhaji, ni ma ina son yaron nan kamar kowa a nan. Amma mu tuna lamba huɗu Bature ne."

"An haɗa da shi ne don a toshe mana baki," in ji Alhaji Garba.

"To, ko da haka ne, abin ba shi da wuya. Duk ɗalibi yana da takardar shaidar rajista ta bana. Malam Isuhu ya ce wa Sani ya kawo tasa, a kai wa jaridar, magana ta ƙare. Kafin nan ina roƙo kada a sa hannu a komai, kada kuma a je rediyo."

Ido ya dawo kaina. Zan rubuta muku abin da na faɗa kamar yadda na faɗe shi, domin ban manta ko kalma ɗaya ba.

"Malam Yakubu, ɗana ya ce mini ƙarya ce, kai kana so in tambaye shi takarda? Ku da kuka yi boko mai zurfi, takardar Bature ta fi muku maganar ɗan'uwa. Dama mun sani. Ana tare ne kawai, amma kai ba namu ba ne."

Duk wanda ke wurin ya gane ba Najeriya nake nufi ba. Malam Yakubu ya ajiye kofinsa a hankali, ya gyara hularsa, ya ce, "Allah ya raya yarinya," ya fita. Ban bi shi ba. Na koma Lyon ni kaɗai ina ganin na yi bajinta.

Ranar Laraba da tsakar rana, lokacin hutun cin abinci, mai gadin magaza ya ce ana sallama da ni a ƙofa. Na fito na tarar da motar Malam Yakubu, shi yana zaune a ciki, Sani yana tsaye a gefe. A ƙarƙashin rigar sanyinsa na hango farin wando irin na ma'aikatan asibiti. Malam Yakubu ya sauke gilashi ya gaishe ni kamar babu abin da ya faru, ya ce zai jira a mota, ya mayar da gilashin. A nan bakin ƙofa, manyan motoci suna shiga suna fita, Sani ya faɗa mini komai. Ya faɗi jarrabawar shekarar farko sau biyu, ba a sake yi masa rajista ba. Tun farkon sanyi yake aiki a asibiti, yana tura gadon marasa lafiya daga ɗaki zuwa ɗaki. Kullum da safe yakan fita da jakar littattafai, kayan aikinsa ne a ciki. A wani lungun asibitin suka yi kiciɓis da Malam Yakubu, ya roƙe shi ya rufa masa asiri. Malam Yakubu ya yarda, da sharaɗin Sani zai faɗa mini da bakinsa, kuma wata bayan wata yana tuna masa. Bayan abin da ya faru a wurin suna Malam Yakubu ya same shi ya ce, kafin Asabar ko Sani ya faɗa ko shi ya faɗa, domin ba zai bari in je rediyo in rantse a kan ƙarya ba. Katin kuwa kocinsu ne ya sabunta da hannunsa, nasa da na lamba huɗu, don ba ya son rasa su. Musa bai san komai ba.

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba tun farko?"

"Pardon, Baba. Ranar Alhamis kaɗai nake ganin kana dariya. Na kasa."

Da zan so in ce muku tausayinsa ne ya fara kama ni. Ba haka ba ne. Abin da ya fara zuwa raina shi ne, me zan ce wa Alhaji Garba? Ban ce wa Sani komai ba, ban leƙa motar na yi wa Malam Yakubu godiya ba. Na juya na koma kan injina. Da yamma na kira Montreuil na ce a ɗaga zancen rediyo, ba ni da lafiya.

Takardar kira ta zo daga kwamitin ladabtarwa na wasannin jami'o'i, za a zauna a Paris. Ranar Lahadi da la'asar kocin ya zo gidanmu. Bature ne mai fara'a, ya cire takalmi a ƙofa, ya yaba shayin mahaifiyarku. Ya ce akwai mafita. Sani da lamba huɗu za su ce sun ɗauka suna da rajista, sun ba Musa takardunsu ya kai inda ake kaiwa, shi ne ya yi sakaci ya kuma sabunta katin ba tare da dubawa ba. Idan kuskure ne ba maguɗi ba, hukuncin zai yi sauƙi, wataƙila ma a bar musu kofin. Ya ce in tuna da sauran yaran ƙungiyar da ba su yi laifin komai ba. Har ya rubuto abin da Sani zai faɗa. Na karɓi takardar, na ce masa Allah ya saka. Ku ji da kyau: ni na karɓa. Da na faɗa wa Alhaji Garba gaskiyar a waya, sai ya ce, "Isuhu, naka naka ne. Wancan yaron gargaɗi kawai za a yi masa. Ka rufa wa kanka asiri, ka rufa mana." Na ji daɗin maganar, domin ita nake nema.

Mahaifiyarku tana kwashe kofuna duk wannan lokacin. Da na ajiye waya sai ta tsaya da faranti a hannu.

"Malam, sau nawa Musa ya ci tuwo a gidan nan?"

Na ce mata wannan ba ita ce maganar ba.

"Ita ce. Idan aka kore shi daga makaranta takardar zamansa ta mutu, sai jirgi. Uwarsa tana can Mali tana jira, ba shi da kowa a ƙasar nan da zai tsaya masa. Na haifi wanda ya faɗi jarrabawa, zan iya ɗauka. Na haifi wanda ya yi mana ƙarya, wannan ma da zafi, amma zan ɗauka. Wanda zai ɗora laifinsa a kan baƙon da ya ci abinci da shi a kwano ɗaya, ban san inda zan ajiye shi ba."

Na daka mata tsawa na ce ba ta san dokar ƙasar nan ba, ta bar maza su yi abin da ya dace. Sani yana zaune a ƙasa ya jingina da bango, ƙanwarsa Habsatu tana leƙe daga ƙofar ɗaki tana kuka. Kwanakin da suka biyo baya, gaisuwa kaɗai ke haɗa ni da mahaifiyarku. Abinci yana zuwa a kan lokaci, kayana a goge, amma gidan kamar an yi rasuwa.

Ranar zaman kwamiti muka hau jirgin ƙasa na safe ni da Sani. Da muka fita daga gari na ciro takardar kocin daga aljihu na ce ya sake karantawa don kada ya yi tuntuɓe. Ya dube ta bai karɓa ba.

"Baba, ba zan faɗi wannan ba."

Na yi ta magana har muka kusa Paris. Na kawo masa zancen abokansa da za su rasa kofin. Na kawo zancen mutuncina, da mutanen da suka sa baki saboda mu. Har na ce masa ya riga ya kunyata ni sau ɗaya, kada ya ƙara. Yana sauraro yana kallon gonaki ta taga. Da na gaji na yi shiru, sai ya ce:

"Musa ya kira ni jiya. Na ɗauka zai roƙe ni in taimake shi. Bai ce komai ba a kan maganar. Cewa ya yi in gaida Mama, in ce mata ya yi kewar miyarta. Baba, ka yafe mini. Na yi maka ƙarya shekara guda, na san nauyinta. Ba zan iya ɗaukar wata ba."

A ɗakin zaman akwai dogon tebur da mutum biyar a bayansa. Ni na zauna a baya. Musa yana gefe shi kaɗai, cikin kwat ɗin aro da ta yi masa yawa. Kocin ya ɗaga mini hannu yana murmushi. Da aka kira Sani ya miƙe, bai yi minti goma yana magana ba. Ya ce ya san ba shi da rajista, ya buga da saninsa, kocin ne ya sabunta katin, Musa bai taɓa ganin takardunsa ba. Matar da ke shugabantar zaman ta cire tabarau ta tambaye shi ko ya san abin da wannan magana za ta jawo masa da ƙungiyarsa. Ya ce ya sani. Da aka zo kan lamba huɗu, ya yi ta kallon ƙasa, daga bisani ya ce abin da Sani ya faɗa haka yake. Musa ya kifa kansa a gwiwa, kafaɗunsa suna rawa. Ni kuma ina zaune da takardar ƙarya a aljihuna. Wannan shi ne duk abin da na yi a ranar da kuke yabona a kanta.

Hukunci ya fito bayan 'yan makonni. Aka karɓe kofin aka ba waɗanda aka cinye. Aka hana Sani buga duk wata gasa na tsawon lokaci, aka sallami kocin, aka wanke Musa. Jaridar ta sake rubutu, ta faɗi a fili cewa golan ba shi da hannu. Gardama ta sake tashi fiye da ta farko. Wasu suka ce Sani ya ci amanar abokansa, wasu suka ce shi kaɗai ne namiji a ƙungiyar. Yawancin abokan wasansa suka daina ɗaukar wayarsa. Wani ya rubuta mummunar kalma a jikin akwatin wasiƙunmu, mahaifiyarku ta sauka da soso ta wanke ba ta faɗa wa kowa ba sai daga baya. Tunda an gan ni na raka shi, kowa ya ɗauka ni na tilasta masa. Alhaji Garba ya ce na sa shi ya ji kunya a gaban duk Barbès, ya cire takardar daga gilashin shagonsa ya cire ni daga ransa. Shekara shida ba mu yi magana ba, sai a wata jana'iza muka haɗu aka sasanta mu. Na sha zagi a kan abin da ban yi ba, saboda haka da yabo ya fara zuwa daga baya sai na ga kamar haƙƙina ne, na karɓa. Ta haka labarin da kuka sani ya samo asali.

Sani bai sake buga gasa ba. Ya ci gaba da tura gadaje a asibiti. Wata ranar hutu muna zaune mu biyu a falo, na yi masa tambayar da ya kamata in yi shekara uku kafin nan: me yake so ya karanta? Ya daɗe yana kallona kamar bai gane Hausar ba, sannan ya ce aikin jinya. Na ce to. Malam Yakubu ne ya riƙa zama da shi yana shirya shi har ya ci jarrabawar shiga makarantar. Sauran kun sani, kuna ganinsa da farar rigarsa. Musa ya gama karatunsa ya koma ƙasarsu da takardarsa a hannu, har yau duk Sallah sai ya kira ya gaida mahaifiyarku. Idan na zauna ina tuna wannan shekarar, godiya nake yi. Ina gode wa Allah da bai bar ni da dabarata ba. Ina gode wa mahaifiyarku da ta faɗi magana sau ɗaya ta tsaya a kanta, da ɗan da ya ƙi bin umarnina a ranar da umarnin ya lalace. Har matar jaridar nan da na yi ta tsine mata ban san fuskarta ba, ba don ita ba da ban san yaushe zan san ɗana ba.

Malam Yakubu kuwa sai da na yi wata huɗu kafin na iya zuwa gidansa. Na je wata Lahadi bayan sun taso daga coci, da goro da turmin atamfa na matarsa. Na shirya doguwar magana a hanya. Ya buɗe ƙofa, ya ja ni ciki, matarsa ta kawo ruwa. Na sauko daga kujera na zauna a ƙasa na fara.

"Malam Yakubu, maganar da na faɗa maka a gaban mutane..."

Ya kama hannuna ya tashe ni.

"Malam Isuhu, ta yi mini zafi, ba zan ɓoye maka ba. Amma ina kallonka a ranar, na san abin da kai ba ka sani ba. Da ni ne uban, wataƙila da na faɗi wadda ta fi ta. Zauna a kujera, bayanka ba shi da lafiya."

Na ce a gaban mutane na faɗa, a gaban mutane ya kamata in janye. Ya ce ba ya buƙata, ni kuma na ji sauƙi na bar ta a haka, ban taɓa janyewa a fili ba sai yau a wannan takarda. Malam Yakubu namu ne, ya fi ni zama namu a ranar da na kore shi. Yanzu ya ajiye aiki ya koma Zariya, gashinsa ya yi fari fat. Duk wanda Allah ya kai shi gida a cikinku, kada ya tsaya a Damagaram. Ya tsallaka iyaka ya je har ƙofarsa, ya durƙusa ya gaishe shi kamar yadda zai gaishe ni.